Sandbanks: mu je mu dawo a yini ɗaya, ko mu kafa tanti mu kwana?

Baban_Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan ta Kanada. Tun da aka fara maganar hutun makaranta yaran nan suka hana ni sakat, wai 'yan ajinsu duk ana kai su kwanan daji a bakin ruwa, su ma sai an kai su. Babbar ce ta zo mini da sunan wurin a rubuce, Sandbanks. Na duba na ga gandun shaƙatawa ne na gwamnatin lardin Ontariyo, a gaɓar Tafkin Ontariyo kusa da garin Picton, kamar awa biyu da rabi daga nan Scarborough ta birnin Toronto. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku, da surukata da ta zo daga Kano wata uku da suka wuce. To, mu yi sammako mu je mu yini mu dawo, ko mu daure mu kafa tanti mu yi kwana biyu? Ni dai ban taɓa kwana a tanti ba sai a Mina, shi ma ba ni na kafa ba.

ƊanBarno_Ottawa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kana biyan haya a gida mai ɗaki uku, sannan ka ƙara biyan wasu kuɗin don ka kwana a ƙasa? Wannan ai aikin Fulani ne. Bari Arɗo ya zo, shi ya gaji abin.

Arɗo_Guelph:
Kai Babarbare, ubangidanka ya iso, sai ka koma gefe. Baban Ikram kada ka saurare shi. Ka kwana. Wanda ya je ya yini kawai, cunkoso ya gani da zafin rana. Daɗin wurin yana farawa ne daga ƙarfe shida na yamma lokacin da 'yan yini suka fara tattara kayansu, sai kuma da sassafe kafin su cika wurin.

Maman_Sultan:
Baban Ikram sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Kafin a yi gardamar a kwana ko kada a kwana, sai a fara tambayar ko akwai wurin kwanan. Ontario Parks, hukumar da ke kula da gandayen lardin, suna buɗe kama wuri ne wata biyar cif kafin ranar da mutum zai isa, da ƙarfe 7 na safe agogon nan. Wato mai son tsakiyar Yuli, tun tsakiyar Fabrairu ana tsaka da dusar ƙanƙara yake zaune gaban kwamfuta. Mu shekara huɗu ke nan muna zuwa, kuma duk shekara ni da maigida kowa da na'urarsa muke zama, shi waya ni kwamfuta, kamar masu neman kujerar Hajji. Wuraren da ke kusa da ruwa a zangon Outlet River, ɗaya daga cikin sassan kafa tanti na gandun, kafin ka kurɓi shayi sun tafi.

Da ma can mutum yana iya kama har dare 23 a jere, sai mutane suka riƙa kama kwanaki masu yawa don su riga kowa, daga baya su rage. Daga 2023 aka mayar da shi dare 7 a tsakiyar lokacin zafi a wurare biyar da aka fi rububi: Sandbanks, Pinery, Algonquin, Bon Echo da Killbear. Abin ya ɗan yi sauƙi amma ba sosai ba.

Yanzu muna Yuni, don haka ƙarshen mako kam sai dai rabo. Amma mutane suna fasawa kullum. Ka riƙa leƙa shafinsu safe da dare, musamman ranakun Litinin zuwa Alhamis idan za ka iya ɗaukar hutu a wajen aiki. Filin kafa tanti mai lantarki ya haura dala 50 a dare, marar lantarki ya ɗan fi sauƙi.

Baban_Ikram:
Ikon Allah. Ni da na ɗauka zuwa za mu yi mu zaɓi gindin bishiya. Na gode Maman Sultan.

Usman_Brampton:
Ko yinin ma ba haka kawai ake zuwa ba. Ni na koyi darasi da kuɗin mai na. Shekarar da muka zo, ranar hutun farkon Agusta, muka cika mota biyu, an dafa shinkafa an soya kaji, muka kama hanyar 401 da murna. Muna isa muka tarar da allo an rubuta wuri ya cika. Ba wanda ya yi mana laifi, mu ne ba mu tambaya ba. A gefen hanya muka ci shinkafar, yara na kuka. Ana sayen takardar shigar mota ta yini a intanet tun kwana biyar kafin ranar, ita ma ƙarfe 7 na safe take buɗewa. Idan Asabar kake so, ka tashi ranar Litinin ka saya. Ni dala 21 na biya a zuwan da na yi na ƙarshe, kuɗin mota ne ba na kai ba, ko ku nawa ne a ciki.

Ummu_Hanif:
Ƙari a kan maganar Malam Usman, ɗakunan karatu na gwamnati da yawa suna ba da aron katin shiga gandayen Ontariyo kyauta, kamar yadda ake aron littafi, har da na Toronto. Sai dai layi ne. Kuma ko da katin a hannu sai ka shiga shafin ka kama ranarka, in ba haka ba ka sha irin ta Malam Usman.

Injiniya_KN:
Ku shida ne ko? To kun tsira da ƙyar. Ƙa'ida mutum shida ne a fili ɗaya, sai dai in iyaye ne da 'ya'yansu na cikinsu. Da akwai ɗan rakiya ɗaya sai kun kama fili biyu.

Malam_Sani_Hamilton:
Assalamu alaikum. Kowa yana maganar kuɗi da layi, ba wanda ya taɓo abin da ni ya fi damuna. Bakin ruwa a ƙasar nan lokacin zafi kun san yadda yake. Mutum zai ɗauki iyalinsa, da 'ya'ya mata masu tasowa, da tsohuwa mai daraja, ya kai su tsakiyar mutanen da kusan ba sutura a jikinsu. Sau ɗaya na je Wasaga, wani bakin ruwa a nan Ontariyo, ban yi awa ɗaya ba na ce a tashi. Ba na cewa kada a fita da yara, amma akwai wuraren da ba sai an runtse ido ba. Baban Ikram ka yi tunani a kan wannan kafin maganar tanti.

Hajiya_Bilki:
Malam Sani, Allah ya ƙara sani, maganarka gaskiya ce amma ba duka ba. Wasaga daban, can gari ne a bakin ruwa, da shaguna da kiɗa da samari. Rairayinsa kilomita 14 ne, kuma kusan kowa a yanki na ɗaya yake cunkushewa. Sandbanks iyalai sun fi yawa. Sannan abin da kake gudu, a jirgin ƙasa na Toronto ma cikin Yuli kana ganinsa, a bakin makarantar yaran ma haka. Ni abin da na lura, yaran da aka kulle a gida duk hutu suna kallon waya, abin da suke gani a ciki ya fi na bakin ruwa muni. Mu muna zuwa da hijabanmu, 'yan matan suna da kayan wanka masu rufe jiki har idon sawu, ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Za ka ga Larabawa, 'yan Pakistan, Somaliyawa, kowa da tabarmarsa da tukunyarsa.

Malam_Sani_Hamilton:
Hajiya, abin da ya same ka a hanya dole daban, wanda ka ɗauki ƙafa ka je ka same shi daban. Amma na ji batun cewa wuraren ba ɗaya ba ne.

Arɗo_Guelph:
Malam, ai wannan hujja ce a gare ni ba a kaina ba. Mai kwana shi ke da zaɓin lokaci. Bayan sallar asuba ka fita da iyalinka, daga kai sai tsuntsaye sai wani tsoho mai ɗaukar hoto. Yara su yi wasansu har ƙarfe goma, rana na ɗagawa mutane na cika ku koma inuwar tanti ku yi girki ku yi ƙailula. La'asar sakaliya ku sake fita. Ɗan yini kuwa dole a tsakiyar cunkoson zai iso, a tsakiyarsa zai tafi. In kuma yinin ne, ku yi tafiyar minti goma sha biyar daga inda ake ajiye motoci. Mutanen nan ba sa son ɗaukar kaya da nisa.

Nas_Zainab:
Ku yi haƙuri zan katse ku, don abin da zan faɗa ya fi ƙarfin ra'ayi. Babu masu gadin ruwa a bakin tafkin nan. Babu. An rubuta a alluna, iyaye su ne masu lura da 'ya'yansu. Kuma yawancinmu da muka taso a Arewa ba mu iya iyo ba, sai dai 'yan bakin kogi. Uba bai iya ba, uwa ba ta iya ba, yaro ya yi darasi shida a kwamin wanka na unguwa yana ganin ya zama kifi.

Wuraren wanka uku ne a Sandbanks kuma halinsu ba ɗaya ba. Outlet shi ne na masu ƙananan yara, ruwan yana zurfafa a hankali, za ka yi ta tafiya bai wuce gwiwa ba. Dunes yana kan wani ƙaramin tafki ne da ake kira West Lake, ruwansa ya fi ɗumi, ga tuddan rairayi yara na gangarowa, amma can ne mutum zai taka biyu uku ƙasa ta ɓace masa a ƙafa. Lakeshore kuma yana fuskantar babban tafkin, ranar da ake iska igiyar ruwa tana da ƙarfi kuma tana ja.

Suna ba da aron rigar ruwa kyauta, ta yara da ta manya. Ku karɓa, ku sa wa yaran, kai ma Baban Ikram ka sa in za ka shiga, ba abin kunya ba ne. Waɗannan balan-balan masu siffar agwagwa ba kariya ba ne, iska ce ma take tura su tsakiya. Sannan a ware mutum ɗaya wanda aikinsa kallon yara kawai, ba waya ba hira, a riƙa karɓa-karɓa. Yaro ba ya ihu in yana nitsewa.

Baban_Ikram:
Wannan ta shige ni, Anti Zainab. Ni kam ko a Tiga iyakata bakin gaɓa.

ƊanBarno_Ottawa:
To ku da kuka saba da Tiga da Bagauda ku shirya, wannan ba dam ba ne. Ranar da na fara tsayawa a bakinsa na ce wa abokina wane teku ne wannan, ya ce ɗanɗana. Ba gishiri. Ba ka hango ɗaya gaɓar, can Amurka ce, jihar New York. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 19,000, kuma a cikin manyan tafkuna biyar ɗin nan na Arewacin Amurka shi ne ƙarami a faɗi. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi, Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 ya kai kusan 25,000, wato ya fi wannan. Kakana a Baga ya yi kamun kifi, yana ba mu labarin inda ruwa yake kaiwa, mu kuma da muka taso gonaki muka tarar a wurin. Bambancin shi ne namu shimfiɗe yake ba zurfi, wannan kuwa akwai inda ya haura mita 240.

Arɗo_Guelph:
Au, ashe ka je. Mai cewa aikin Fulani ne.

ƊanBarno_Ottawa:
Na je na yini na koma gadona kamar mai hankali.

ƊanDamagaram_Montreal:
Gaisuwa ga kowa. Tunda an taɓo gida, ni abin da ya kama ni a wurin ba ruwan ba ne, tuddan rairayin ne. Ka hau kansu ka juya wa ruwa baya, sai ka rantse kana wajen Gure ko Tulo-Tulowa ta Yusufari. Masana suna cewa a duniya babu wani shingen tuddan rairayi da ya tare bakin ruwa marar gishiri da ya kai wannan girma. Iska da igiyar ruwa ne suka tara shi shekaru dubbai har ya raba West Lake da babban tafkin.

Kuma tarihinsa irin namu ne sak. Da Turawa manoma suka zauna a yankin a ƙarni na 19, suka sare itatuwan da ke kan tuddan, suka saki shanu suna kiwo. Da saiwoyin da ke riƙe da ƙasa suka tafi, sai rairayi ya tashi tafiya. Ya cinye gonaki, ya rufe hanya har sai da aka riƙa matsar da ita, ya binne gine-gine. Sai da gwamnati ta zo da dashen itatuwa shekara da shekaru kafin ya tsaya. Ni da na yi aikin kafe tuddai a gida kafin na zo karatu, muna kitsa shinge da kirare muna dasa ciyawa, da na karanta wannan a allunansu sai na yi dariya ni kaɗai. Ashe hamada ba ta san launin fata ba.

Shi ya sa za ku ga sun hana taka ciyawar da ke kan tuddan, sun yi hanyoyi na musamman. Ku ja wa yara kunne. Akwai hanyar ƙafa da ke zagaya tuddan, kilomita biyu da rabi, ku bi ta da safe kafin rairayi ya yi zafi.

Nas_Zainab:
Tunda an zo kan hanyar ƙafa, abu biyu. Akwai wani tsiro da suke kira poison ivy, mai ganye uku-uku a reshe, yana da yawa a gefen hanyoyin da bayan filayen kwana. Ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, ya fi ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya da muka sani, yana iya kai mako biyu ko fiye. Ku nuna wa yara hotonsa kafin ku tafi. Na biyu kaska. Ba irin ta shanu mai girma ba, wannan ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, kuma a yankin nan tana ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando, a cusa shi cikin safa in za a shiga ciyawa, da dare a duba jikin kowa, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa, cikin gashi. In an ga ta maƙale a cire ta da hantsaki a miƙe, kada a sa mata man fetur ko ashana irin na gida.

Usman_Brampton:
Anti Zainab kina ta ba mu tsoro. Saura ki ce akwai kura.

Maman_Sultan:
Kura babu, amma akwai ɓarawon da ya fi ta wayo. Rakun. Wanda bai san shi ba, dabba ce kamar ƙaton muzuru mai baƙin zane a ido, hannunsa kamar na ɗan mutum. Zuwanmu na farko maigida ya yi tsire, ya rage kusan rabi muka sa a kula muka bar ta kan tebur, har da ɗora dutse. Cikin dare na ji ƙwaram, na tashe shi na ce ɓarayi. Ya leƙa da tocila, su uku, ɗaya ya buɗe murfin yana miƙa wa 'yan'uwansa. Ko gezau ba su yi ba. Har ƙullin yajin suka tafi da shi, ban san me suka yi da shi ba. Tun daga ranar duk abin ci, har man goge baki, a but ɗin mota yake kwana. Kada a shiga tanti da ko biskit.

Injiniya_KN:
Maganar tsire ta tuna mini. Kowane fili yana da murhun ƙarfe a ƙasa da teburin katako. Amma kada ka ce za ka tura yara su tsinto kirare kamar a ƙauye, haramun ne a dokarsu, tara ake ci. Kada kuma ka ɗauko itace daga Toronto. Akwai wani ƙwaro da ya kashe miliyoyin bishiyoyi a lardin nan, a cikin itacen wuta yake bin mutane daga gari zuwa gari. A wurin ake saye, ƙulli-ƙulli. Wani lokacin yana da danshi, ka tafi da abin kunna wuta. In an yi fari sukan hana hura wuta gaba ɗaya, don haka ƙaramin risho mai gas ya zama dole. Nama kuma ka saya na halal tun daga Scarborough, ku da kuke da shaguna a kowace kwana, ka daskarar da shi ya zama shi ne ƙanƙarar kular.

Zazzau_Ba_Wasa:
Bakano da sayen itace ƙulli-ƙulli? Zai tsaya yana neman ragi har dare ya yi.

Injiniya_KN:
Mun gode, a gaida mutanen ƙauye.

Ummu_Hanif:
Ba wanda ya yi maganar bayi, kuma ita ce tambayar farko da uwargida za ta yi. Akwai gini a kusan kowane zango mai bayi na zamani da wurin wanka da ruwan zafi, akwai kuma ƙananan masai na rami a warwatse. In kana zaɓar fili a taswira ka nemi wanda ba shi da nisa da babban ginin saboda Hajiya surukarka, amma kada ya manne da shi, don ƙarar ƙofa da fitila ba za su bar ku barci ba. Buta biyu, kada a manta. Famfunan ruwan sha suna nan a kan hanya.

Malam_Sani_Hamilton:
Tunda da alama an rinjaye ni, bari in ba da tawa gudummawar. Alƙibla a yankin nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda muka saba a gida, kuma waya takan rikice in ba sabis sosai, don haka ka duba tun da rana ka sa alama da bishiya. Lokacin nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, isha ta kusa 11, asuba kuma kafin 4 ta shigo. Daren gajere ne ƙwarai. Tafiyar wajen kilomita 200 ce, ta kai a yi ƙasaru. Amma ina nan a kan bakata game da tsakar rana a bakin ruwa.

Hajiya_Bilki:
Mun yarda Malam, tsakar rana taka ce, safiya da yamma namu.

Aliyu_Winnipeg:
Ina karanta ku ina murmushi. Ku zo Manitoba ku ga Grand Beach a bakin Tafkin Winnipeg, awa ɗaya da 'yan mintuna daga gari, rairayi fari lallausa kamar garin tuwo, ba wannan kokawar taku. Abin da kawai ba zan ɓoye muku ba shi ne sauro. Na taso a Sakkwato na ɗauka na san sauro. Alhamdu lillahi dai nasu ba ya sa maleriya.

Usman_Brampton:
Malam Aliyu, mutumin da ke tunanin awa biyu da rabi kake kira tafiyar kwana biyu a mota. Baban Ikram, in Sandbanks ya gagara akwai na kusa. Presqu'ile yana Brighton, kafin ka kai can ma, ana kwana. North Beach yana cikin yankin guda, yini kawai ake yi, nan ne mutane ke komawa in babban ya cika. Sibbald Point a Tafkin Simcoe kusan awa ɗaya ne daga wajenku. Ni a ganina ka gwada dare ɗaya a na kusa tukuna, in abin bai karɓe ku ba ku naɗe tanti ku dawo gida cikin dare ba wanda ya sani.

Hajiya_Bilki:
Ni fa duk hirar nan hankalina yana kan surukar. Baban Ikram, shekarunta nawa? Tana da ciwon gwiwa ko baya? Ko cikin Yuli dare a bakin tafki yana sanyi, raɓa tana sauka, ƙasa tana tsotse ɗumin jiki. Mu da muka saba da hunturun nan ba ma ji, amma wadda ta baro zafin Kano wata uku da suka wuce za ta ji shi har ƙashi. Kuma a al'adance ma, suruki da suruka a tanti ɗaya ai bai yi ba. Tanti biyu za ku nema, ita da jikokin mata a ɗaya. In da hali ku sama mata gadon zango mai naɗewa, ba katifar iska ba, don tashi daga ƙasa wahala ne ga babba. In kuma ba haka ba, ku kama ɗaki a garin Belleville da ke kusa ku kwana, ku shigo da safe. Ba dole sai an wahala ba ne ake cewa an fita.

Arɗo_Guelph:
Hajiya, in an kwana a otal ai an rasa abin da yaran suke nema. Su wuta suke so su gani da dare, su kwanta suna jin ruwa. Nawa har yau ba sa maganar wankan, maganar daren da suka ga taurari suke yi. Ƙaramin ya tambaye ni wai wa ya kunna su, don a Guelph bai taɓa ganinsu da yawa haka ba. Na nuna musu Kaza da 'Ya'yanta da asuba kamar yadda baffana ya nuna mini a ruga.

ƊanBarno_Ottawa:
Ka ji ko, na faɗa muku gado ne.

Maman_Sultan:
Kada ka sayi kaya da yawa a karon farko. Mutane suna kashe ɗaruruwan daloli su yi dare ɗaya su jibge a gareji. Muna da tanti na mutum shida da ba ma amfani da shi tun da muka sayi babba, in kuna so ku aiko a ɗauka. Amma ka kafa shi sau ɗaya a tsakar gida ko a filin unguwa kafin ranar. Ana shiga fili ne daga ƙarfe 2 na rana, kada ka isa da magariba kana karanta takardar bayani da tocila a baki, yara na yunwa, suruka na kallonka.

Zazzau_Ba_Wasa:
Wannan na ƙarshen shi ne babban haɗarin da Anti Zainab ta manta.

Baban_Ikram:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Ga yadda ta kaya. Hajiya surukata da nake jin tsoron ta, ita ce ta fara cewa a je a kwana. Ta ce duk bazara a tsakar gida suke kwana a kan tabarma tun tana yarinya, kuma wata uku ke nan tana kulle a bene hawa na tara ba ta taka ƙasa da tafin ƙafarta ba. Sharaɗinta ɗaya, a tafi da bargonta da fulas ɗin shayi. Uwargida kuwa tun da ta ji maganar kaska da rakun ta ce ita yini za ta yi, in mun ga dama mu kwana mu kaɗai. Mota kuma ɗaya ce.

Na leƙa shafin da asuba, akwai fili ɗaya da wani ya saki a zangon Woodlands, Talata da Laraba a mako na uku na Yuli. Ban taɓa shi ba tukuna don ban nemi hutu ba.

Maman_Sultan:
Baban Ikram kama shi yanzu, ka nemi hutun daga baya. In ka fasa wani abu kaɗan za su cire. Zuwa azahar ba za ka same shi ba. Maman Ikram kuma ka ba ni ita a waya, ni zan yi mata magana.

Malam_Sani_Hamilton:
Talata da Laraba ma sun fi, mutane ba su kai na ƙarshen mako ba.

ƊanBarno_Ottawa:
In uwargida ta tsaya a kan bakanta, kujera ɗaya ta rage ke nan a cikin shidan. Daga Ottawa awa uku ne. Ba kwana zan yi ba, tsiren kawai zan duba.

Arɗo_Guelph:
Ka taho da tabarmarka.